Wanda Ya Bar Ƙofarsa a Buɗe, Yana da Laifi?

A ƙasar Ingila, sa'ad da mutum ya je neman inshorar kayan gidansa, ɗaya daga cikin tambayoyin da akan yi masa ita ce: wace irin kuba ce a ƙofarka? Amsar da ya bayar za a rubuta ta, ta zama sashe na yarjejeniya. Idan ɓarayi suka shiga gidan bayan shekara ɗaya ko biyu, kamfanin yakan aiko ma'aikacinsa ya duba ƙofar. In ya tarar kubar ba irin wadda aka faɗa ba ce, ko kuwa an fita an bar ƙofar ba a kulle ba, mai yiwuwa ne a rage kuɗin da za a biya mai gidan, ko a hana shi duka. Haka ma ake yi a Faransa.

Mutumin nan ya yi hasara sau biyu ke nan. Ɓarawo ya kwashe kayansa, kamfanin da ya yi shekaru yana biya kuma ya juya masa baya. Ba shi ya yi sata ba. To, adalci ne a bar shi da hasarar?

Tambayar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Ko a inda mutane kaɗan ne suke sa gidajensu a inshora, takan taso da wata kama. Takan taso sa'ad da aka sace baiko a hannun ma'ajin ikkilisiya, ko sa'ad da aka ɗauke babur ɗin da wani ya ba maƙwabcinsa ajiya. Takan taso kuma ranar da ɗan'uwan da aka yi wa sata ya zo neman taimako, waɗansu suka fara raɗa cewa ai shi ya jawo wa kansa. Saboda haka yana da amfani a duba yadda masu inshora suka warware ta, a kuma auna warwarar tasu da Maganar Allah.

Abin da kamfanoni suke nema

A Ingila akwai hukumar da ke auna ingancin kayan da ake ƙerawa, ana kiranta BSI. A shekara ta 1963 ta fitar da ma'auni na kubar ƙofar gida mai lamba BS 3621, an kuwa yi ta sabunta shi. Kubar da za ta ci wannan jarrabawa, in irin mai fallayen ƙarfe ce a ciki, sai ta kasance da falle biyar aƙalla. Mabuɗi ne zai ɗaga kowane falle daidai tsayin da aka yanka masa kafin harshen kubar ya motsa. Dole maƙeran su iya yanka mabuɗai iri dabam dabam har 1,000 aƙalla, domin kada mabuɗin wani ya buɗe ƙofar wani. Harshen kubar zai shiga jikin dogarin ƙofa milimita 20, a kuma rufe cikinta da ƙarfe mai tauri wanda abin huda ba zai ci shi da sauri ba. Wadda ta cika waɗannan akan buga mata tambarin hukumar a fuskarta, inda kowa zai gani in an buɗe ƙyaure. Kamfanonin inshora da yawa suna sa wannan kuba cikin sharuɗɗansu, musamman a unguwannin da sata ta yi yawa. Sukan ƙara da cewa lalle a kulle ta duk sa'ad da aka bar gidan ba kowa.

A Faransa tambarin da aka fi sani shi ne A2P, wanda wata cibiya mai suna CNPP take bayarwa. Ana ba kuba tauraro ɗaya, ko biyu, ko uku. Tauraro ɗaya yana nufin gwanayen cibiyar sun yi minti 5 suna fama da ita da kayan aiki ba ta buɗu ba. Tauraro biyu minti 10 ne, uku kuma minti 15.

Ya kamata a lura da abin da ake aunawa. Ba wanda ya ce kubar ba za ta buɗu ba har abada. Lokaci ake aunawa, gama maƙeran Ingila sun koyi wannan darasi tun da daɗewa. Joseph Bramah ya ƙera wata kuba a 1784, daga baya ya rataye irinta a tagar kantinsa a London, da alkawarin lada mai yawa ga duk wanda ya buɗe ta ba da mabuɗi ba. Ta yi shekara wajen 60 ba wanda ya iya. A 1851 wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe ta, bayan ya yi sa'a 51 yana aiki a kanta cikin kwana 16. Tun daga nan aka san iyakar aikin kuba. Tana jinkirta ɓarawo, tana tilasta masa yin ƙara, har maƙwabci ya farka ko shi ɓarawon ya karaya ya wuce. Minti kaɗan ɗin nan su ne kamfani yake nema daga mai gida.

Laifin sata na ɓarawo ne

Hausawa suna cewa, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Suna kuma cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Karin maganar nan biyu suna da amfani wajen gargaɗi. Amma in aka kai su gaban shari'a sukan zama abin zalunci, domin suna raba laifi biyu, su ba ɓarawo rabi, su ba mai kaya rabi.

Littafi Mai Tsarki bai raba shi haka ba. Dokar da ta hana sata ba ta keɓe kayan da aka bari a fili ba. Akuyar da ke yawo a bayan gari tana da mai ita, haka ma buhun geron da ke cikin zauren da ba ƙyaure. Wanda ya miƙa hannu ya ɗauka ya yi sata cikakkiya, ko ya fasa ƙofar ƙarfe, ko ya ɗaga asabari kawai. Ɓera dabba ce, wari yana janta, ba ta da zaɓi. Mutum yana da zaɓi, zai kuma ba da lissafinsa. In aka ce buɗaɗɗiyar ƙofa tana rage laifin ɓarawo, to, an ce ke nan wanda ya yi wa gwauruwa sata laifinsa ya fi sauƙi bisa ga na wanda ya yi wa attajiri, tun da yake ƙofarta ta fi rauni. Ba mai tsoron Allah da zai yarda da wannan.

Saboda haka, idan dalilin kamfani na hana diyya shi ne wai mai gida yana da hannu cikin satar, kamfanin ya yi kuskure. Amma dalilinsa dabam ne, sai an duba inda kuɗin diyyar yake fitowa kafin a gane shi.

Kuɗin wa ake biya?

Mutane da yawa suna tsammani kuɗin inshora na wani attajiri ne mai zaune a ofis. Gaskiyar ita ce mafi yawansa kuɗin sauran masu biya ne. Inshora tana kama da adashi ta wannan fanni, sai dai a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a inshora kuwa wanda masifa ta faɗa wa shi ke kwasa.

A ɗauki misali da kuɗin sefa. A ce gidaje 200 sun yarda kowane gida zai zuba jaka 5 a shekara. Abin da aka tara ya zama jaka 1,000. A ce cikin shekara an yi sata a gida 4, kowanne ya yi hasarar jaka 200. Za a biya jaka 800, sauran 200 su tafi wajen masu riƙe da littafi da sauran hidima. Kowa ya kwana da kwanciyar rai da jaka 5 kacal. Amma a ce waɗansu suka fara tunani cewa tun da za a biya su, ba sai sun damu da sakata ba. Shekara mai zuwa aka yi sata a gida 8. Yanzu ana bukatar jaka 1,600, ga hidima kuma, sai zubin kowane gida ya tashi daga jaka 5 zuwa jaka 9. Wa ya biya ƙarin? Tsohon da yake tashi kowane dare ya taɓa ƙofarsa kafin ya kwanta, shi ma ya biya. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wanda jaka 5 ce iyakarsa, sai ya fita daga asusun, ya zauna ba kariya.

Masu inshora sun daɗe da sanin wannan hali na ɗan adam, cewa wanda ya tabbata za a mayar masa da abin da ya ɓata yakan rage kula da shi. Sharaɗin kuba maganin wannan ne. Ma'anarsa ita ce kowa ya kawo nasa rabon tsaron, kamar yadda ya kawo nasa rabon kuɗin. Wanda ya karɓi sharaɗin, ya kuma bar ƙofarsa a buɗe, bai zama abokin ɓarawo ba, amma ya karya alkawarin da ya yi wa sauran gidaje 199. Laifi biyu ne dabam, ga mutum biyu dabam. Na ɓarawo sata ne, na mai gida kuwa rashin cika alkawari.

Manzo Bulus ya haɗa abubuwan nan biyu a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa. A aya ta 2 ya umarci masu bi su tallafi juna a kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A aya ta 5 kuma ya tuna musu akwai kayan da kowa zai ɗauka da kansa. Hasarar dukan abin da mutum ya mallaka cikin dare ɗaya kaya ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Murɗa mabuɗi kafin a fita kaya ne na kowa da kansa. Wanda ya ƙi ɗaukar ƙaramin, yana kuma so jama'a su ɗauke masa babban, bai yi musu adalci ba.

Shari'ar Musa ma ta san ma'aunin gini. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye bisan soronsa da ɗan bango, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya koma kan gidan. Mai gidan ba zai tura kowa ba, duk da haka rashin yin rigakafi za a lasafta masa shi. A Fitowa sura 22 kuma an yi maganar ajiya. In aka sace kuɗi ko kaya a gidan wanda aka ba ajiya, aka kama ɓarawon, ɓarawon ne zai biya riɓi biyu. In ba a kama shi ba, za a bincika mai gidan a ga ko da hannunsa. In dabba ce aka ba shi kiwo aka sace ta a hannunsa, zai biya, amma in naman jeji ne ya yayyage ta, ya kawo shaida, ba zai biya ba. Wato shari'ar ta bambanta abin da mai lura zai iya hanawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan ya shafi ma'ajin ikkilisiya kai tsaye. Mutum yana da iko ya yi sakaci da nasa sulen, ko da yake wauta ce. Ba shi da iko ya kwana da baikon jama'a a ƙarƙashin tabarma cikin ɗakin da ba kwaɗo.

Gaskiya a kan takarda

Akwai gwaji na biyu wanda ya fi na sakaci nauyi, shi ne na ƙarya. Kamfani ba ya zuwa ya duba kowace ƙofa kafin ya karɓi kuɗi. Maganar mai gida yake dogara da ita. Tun a 1766 wani babban alƙalin Ingila, Lord Mansfield, ya bayyana cewa inshora tana tsaye a kan faɗin gaskiya daga ɓangarorin biyu, domin sau da yawa mai neman inshorar ne kaɗai ya san abin da ke akwai.

Jarabar tana zuwa sau biyu. Ta fari ranar cika takarda, sa'ad da mutum ya san in ya ce kubarsa mai tambari ce kuɗinsa zai ragu. Ta biyu ranar da aka yi satar, sa'ad da ya tuna ya bar ƙofar baya a buɗe, ya kuma san in ya fasa ta da kansa kafin 'yan sanda su zo ba wanda zai gane. Waɗansu kuma sukan ƙara rediyo ko keken ɗinki da ba su taɓa mallaka ba cikin jerin abin da ya ɓata. Zuciya takan ce ai kamfani ne, ba mutum ba. Amma an riga an ga inda kuɗin yake fitowa. Wanda ya yi haka ya sa hannu a aljihun maƙwabtansa, ya zama irin mutumin da yake kuka da shi.

Dokokin zamani sun bambanta ƙarya da kuskure. A ranar 10 ga Yuli 1992, a Yawunde, ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, Kamaru, Cadi, Benin da Togo, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa hukumar inshora ta haɗin gwiwa mai suna CIMA. Dokarta ta fara aiki a 1995. Sashe na 18 ya ce wanda ya yi ƙarya da gangan, ko ya ɓoye abin da zai sauya lissafin kamfani, yarjejeniyarsa ta mutu, kuɗin da ya zuba kuma ba za a mayar masa ba. Sashe na 19 ya yi maganar wanda ya yi kuskure ba da mugun nufi ba. Shi za a biya shi, amma a rage gwargwadon abin da ya gaza zubawa. In ya zuba jaka 30 a inda ya kamata ya zuba 40, zai sami kashi uku cikin huɗu na diyyar. Ingila ma ta yi doka mai kama da wannan a 2012, wadda ta raba mai ƙarya da gangan da wanda ya yi rashin kula kawai.

Kirista ba ya bukatar jiran sashe na 18. An kira shi ya zama mutumin da i ɗinsa da a'a ɗinsa sun isa ba tare da rantsuwa ba. In bai san irin kubarsa ba, sai ya duba, ko ya tambayi kafinta, ko ya rubuta cewa bai tabbata ba. In ya manta bai kulle ba, sai ya faɗi haka, ko da zai rasa diyyar. Hasarar za ta yi zafi, gaskiya ne. Amma 'ya'yansa suna kallo, za su kuwa koyi ko nawa ne farashin maganar mahaifinsu.

Inda kamfani yake iya yin zalunci

Kada a ɗauka dukan gaskiya tana wajen kamfani. Sharaɗin da aka kafa domin kare jama'a yana iya zama tarko. Shekaru da yawa dokar Ingila ta ba kamfani dama ya ƙi biya saboda an karya wani sharaɗi, ko da sharaɗin ba shi da wata dangantaka da masifar da ta auku. Mutum zai rasa diyyar ambaliyar ruwa domin ƙararrawar ɓarayi ta gidansa ba ta aiki. Majalisar ƙasar ta gyara wannan da dokar inshora ta 2015, wadda ta fara aiki a watan Agusta 2016. Yanzu in mai gida ya nuna cewa karya sharaɗin ba zai iya ƙara hatsarin abin da ya faru ba, kamfani ba shi da ikon fakewa da shi. Wannan gyara daidai ne, gama sharaɗi yana da dalili, in aka raba shi da dalilinsa sai ya zama hanyar cin kuɗin mutane.

Haka kuma sharaɗin da aka ɓoye cikin ƙananan rubutu, da harshen da mai sa hannu ba ya ji, ba alkawari na gaske ba ne. Mutum ba ya yin alkawarin abin da ba a gaya masa ba. Ma'aikacin inshora wanda yake mai bi, wajibi ne ya karanta wa mutum sharuɗɗan ya fassara masa su kafin ya karɓi kuɗinsa, ko da hakan zai sa cinikin ya ɓaci. Littafin Misalai ya yi ta la'antar ma'aunin algus, sharaɗin ɓoye kuwa ɗan'uwansa ne.

Akwai kuma iyakar da tsaron dukiya ba zai ƙetare ba. Kubar da ke hana ɓarawo shiga tana iya hana mai gida fita. In wuta ta tashi da dare, hayaƙi ya cika ɗaki, neman mabuɗi cikin duhu yana iya cin rai. Saboda wannan hukumar Ingila ta fitar da wani ma'auni, BS 8621, na kubar da ake buɗewa daga ciki da hannu kawai ba sai da mabuɗi ba, domin gidajen da suke da ƙofar fita ɗaya tak. Duk wanda ya sa ƙarafa a tagoginsa, ya kuma rataya kwaɗo biyu a ƙofa, ya kamata ya tambayi kansa ta ina yaransa za su fita, ko kuma sun san inda mabuɗi yake kwana. Rai ya fi kaya.

Kulle ƙofa da dogara ga Allah

Waɗansu masu bi suna da wata damuwa dabam. Suna ganin kuba da inshora duka alamar ƙarancin bangaskiya ne, tun da Ubangiji ne mai tsaro. Damuwar ba ta banza ba ce. Ezra ya ji kunyar roƙon sojoji daga wurin sarkin Farisa domin tafiyarsa zuwa Urushalima, gama ya riga ya shaida wa sarkin cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Amma sura ta 8 ta littafinsa ta nuna abin da ya yi bayan azumi da addu'a. Ya auna azurfa da zinariyar Haikali, ya danƙa su a hannun zaɓaɓɓun mutane, ya umarce su su yi tsaro, da aka isa kuma aka sake aunawa aka rubuta. Nehemiya kuwa ya karɓi rakiyar mahayan sarki. Da ya gina garun birnin ya sa ƙyamare da sakatu, da maƙiya suka yi barazana ya yi addu'a ya kuma sa matsara dare da rana. Littafi Mai Tsarki bai zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, daren da ikkilisiya take addu'a domin Bitrus a gidan Maryamu, ƙofar zauren a rufe take, har sai da Bitrus ya yi ta ƙwanƙwasawa.

Saboda haka kulle ƙofa ba ya gāba da bangaskiya. Abin da ke gāba da ita shi ne zuciya ta koma ta kwanta a kan ƙarfen. Masu bi na Nijar sun ga iyakar ƙarfe a watan Janairu 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Ba kubar da aka ƙera domin tsayar da taron jama'a. Dokar CIMA ma ta ce kamfani ba ya ɗaukar hasarar yaƙi ko tarzoma sai in an yi yarjejeniya ta musamman a kai. Mai hikima yakan kulle ƙofarsa domin aikinsa ne, ya kwanta ya yi barci domin ya san Wanda yake tsaron ransa.

Inda yarjejeniya ta ƙare

Yanzu ana iya amsa tambayar. Kamfanin da ya bayyana sharaɗinsa a fili, sharaɗin kuma yana da dangantaka da satar da aka yi, bai yi zalunci ba in ya rage diyyar wanda ya karya shi. Yana riƙon amanar kuɗin waɗansu ne. Mai gidan bai yi tarayya cikin zunubin ɓarawo ba, amma bai cika nasa alkawarin ba.

Sai dai ikkilisiya ba kamfanin inshora ba ce. Kamfani yana biya bisa ga abin da aka zuba da abin da aka sa hannu a kai. Jama'ar Almasihu kuwa an kafa ta a kan alherin da ba wanda ya cancanta. Ɗan'uwan da aka kwashe masa kaya domin ya manta da sakata, yunwar 'ya'yansa daidai take da ta 'ya'yan wanda aka fasa wa ƙofar ƙarfe. Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa bai tsaya tambayar mutumin da 'yan fashi suka raunata dalilin da ya sa ya bi hanyar Yariko shi kaɗai ba. In dattawa suna da gargaɗin da za su yi, sai su yi shi a keɓe, bayan an kai hatsi da tufafi.

Akwai kuma waɗanda ma'aunin Turai ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Gwauruwar da ƙyaurenta na kwano ne, mabuɗinta kuma igiya, ba kamfanin da zai karɓe ta. In ikkilisiya tana da kafinta ko maƙeri a cikinta, yini ɗaya na aikin gayya ya isa a gyara dogarin ƙofa, a sa sakata da kwaɗo a gidajen gwauraye da tsofaffi. Wannan ya fi tara gudummawa bayan an yi satar. Haka nan majalisar dattawa ta sa doka mai sauƙi a kan baiko: mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a ajiye a inda ake kullewa, kada ya daɗe a gidan kowa. Wannan kariya ce ga kuɗin, kariya ce kuma ga sunan ma'aji.

Mai arzikin da ke cikin Luka sura 16 yana da ƙofa, ba a kuwa hukunta shi saboda ƙofar ba. An hukunta shi saboda Li'azaru da ya kwanta a bakinta kowace rana ba a kula da shi ba. Bari kowane mai gida ya kulle ƙofarsa da dare saboda iyalinsa da amanar da ke hannunsa, ya faɗi gaskiya a kan kowace takarda da zai sa wa hannu, ya kuma kasa kunne ga maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa. Ubangiji ya ba jama'arsa hikimar yin haka.